Comfort: Jin Daɗi Ne Ko Ta'aziyya? Ku Raba Mu Gardama

Dan_Sabongari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gardama ce ta haɗa ni da maƙwabcina jiya da la'asar, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masu Turanci a cikinmu. Matarsa sunanta Comfort, tana sayar da kayan miya a ƙofar gida, shekara 9 ke nan katangarmu ɗaya. Jiya ƙaramar 'yata ta je sayen attarugu, sai ta ce mata, "Anti, mene ne sunanki da Hausa?" Ta yi dariya ta ce je ki tambayi babanki, shi ne ɗan boko. Ni kuwa ban yi wata-wata ba na ce Jin Daɗi. Mijin yana kan benci yana fama da wata tsohuwar rediyo, ya ɗago kai ya ce a'a, Ta'aziyya ne. Na ce haba Baban Joy, wa zai raɗa wa 'yarsa Ta'aziyya? Ya ce ni ne ban san kalmar ba. Har aka kira magariba ba mu daidaita ba. To wa ke da gaskiya? Kuma ina kalmar ta samo asali?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ni dai Comfort ɗin da na sani shi ne wanda nake zubawa a ruwan ɗauraya, kayan yara su yi laushi da ƙamshi. In Ta'aziyya ne sunansa, ashe na daɗe ina wanki da ta'aziyya ban sani ba.

Bakatsine77:
Jin daɗi ne mana. Katifa mai laushi, mota mai sanyi, kujerar da za ka zauna ka miƙe ƙafa. Ka je ka karɓi goronka wajen Baban Joy.

Malam_Nahawu:
Kada ka yi saurin karɓar goro tukuna. Ku biyun kowa ya kama wani ɓangare, amma in shekaru za a ƙirga, ma'anar Baban Joy ta girmi taka nesa ba kusa ba. Akwai ma wata da ta girme su duka.

Kalmar ba 'yar asalin Ingilishi ba ce. Ta shigo ne a ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci, inda ake cewa conforter, shi kuma ya gado ta daga Latin na baya-baya, confortare. In ka fasa ta biyu za ka ga ɗafa-goshi con, wanda aikinsa a nan ƙara wa magana nauyi, da kuma fortis, wato ƙaƙƙarfa. Ma'anarta ta fari ke nan: a ƙarfafa mutum sosai. Tushensu ɗaya da fort, ganuwar sojoji, da force, da effort, da fortify. Babu katifa a ciki ko kaɗan. Kafin zuwanta Ingilishi yana da tasa kalmar, frofor, wadda baƙuwar ta ture har aka manta da ita.

Harafin m ɗin nan ma daga baya ya zo. Da n aka fara rubuta ta, Turawan Ingila ne suka sauya, Faransawa kuwa har gobe da n suke rubuta tasu.

Bakatsine77:
Allah gafarta Malam, to ta yaya ƙarfi ya koma laushi? Ai gabas da yamma ke nan.

Malam_Nahawu:
Da kaɗan-kaɗan. Wa ake ƙarfafa wa zuciya? Wanda ya karaya, wanda aka yi wa rasuwa, marar lafiya. Daga nan kalmar ta zama ta lallashi. Lallashi kuwa rage raɗaɗi yake yi, sai aka fara kiran duk abin da ke rage wahala da sunan. A ƙarni na 17 an riga an fara cewa comforts ana nufin kayan more rayuwa, abinci mai kyau, wurin kwana mai ɗumi. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 sai ma'anar hutun jiki ta yi kane-kane, har ta kai yau in ka faɗi kalmar yawancin mutane kujera ce ke faɗo musu a rai.

Mu ma muna da irin wannan. Daula a Larabci mulki ne, ƙasa mai sarki da dakaru. Amma in Bahaushe ya ce wance tana cikin daula a gidan mijinta, ba ya nufin tana da sojoji.

TarihiZalla:
Bari in kawo wa Malam shaida, don wannan labarin yana ba ni dariya duk sanda na tuna. A garin Bayeux na yankin Normandi a Faransa aka san wani dogon ƙyalle mai aikin allura, tsawonsa ya kusa mita 70, an zana yaƙin Hastings na 1066 a jikinsa, yaƙin da William na Normandi ya ci Ingila. A wani wuri an nuna bishop Odo, ɗan'uwan William uwa ɗaya, a kan doki tsakiyar fama, ya ɗaga wani ƙaton kulki. Samarin rundunar sun fara ja da baya. Abin da aka rubuta a samansa da Latin shi ne Odo riƙe da sanda confortat pueros. In ka fassara da Turancin yau sai ya zama yana lallashin yara. Da kulki! Alhali nufin shi ne yana zuga su, yana ƙarfafa musu gwiwa su koma fagen daga.

Kuma wannan yaƙin ne ya buɗe wa Faransanci ƙofar Ingila, har kalmomi irin wannan suka kwararo.

Ummu_Hanan:
To ashe malamin allonmu ma comfort yake ba mu da dorina, mu ne ba mu gode ba.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana nan a littattafan shari'a. Tsarin mulkin Amurka na 1787, a kashi na 3 sashe na 3, ya bayyana cin amanar ƙasa da cewa yaƙar ƙasar ne, ko mara wa abokan gabarta baya ta hanyar ba su aid and comfort. Ba wai ka shimfiɗa wa maƙiyi darduma ka kawo masa fura ba. Nufin ka ƙara masa ƙarfi, da makami, ko bayanan sirri, ko mafaka. Su ma aro suka yi daga dokar Ingila ta 1351, zamanin Sarki Edward na 3, wadda da Faransancin Normandi aka rubuta ta.

A harkar banki kuma akwai comfort letter, takardar da uwar kamfani kan rubuta wa mai ba da bashi don hankalinsa ya kwanta game da ƙaramin kamfaninta. Galibi ba ta kai lamuni ƙarfi ba. Ni da za a ce in fassara ta, takardar kwantar da hankali zan ce.

Ladi_Jos:
Sannunku. Ni Baban Joy na goya wa baya, kuma na san inda ya samo maganarsa. A wurinmu Kirista sunan nan daga Littafi Mai Tsarki yake da nauyi. A Yohanna 14:16, fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta kira Ruhu Mai Tsarki da Comforter. Kalmar Helenanci ita ce parakletos, wanda aka kira ya tsaya a gefenka. Shi ya sa sababbin fassarori suka koma Helper ko Advocate, don mai karatun yau in ya ga Comforter ba ya jin ƙarfin da mutanen da suke ji. A Hausa Mataimaki muke karantawa. Ga kuma Zabura 23, inda aka ce sandar makiyayi ita ce ke ta'azantar da mutum a kwari mai duhu. Kun ga sanda ta sake dawowa, ba Odo kaɗai ba ne.

A coci kullum muna cewa Allah ya ta'azantar da ku, kuma ba sai an yi mutuwa ba. Iyaye sukan sa wa 'ya Comfort in ta zo bayan wata wahala. Ajinsu ɗaya da Patience, Mercy, Grace, Blessing. Na Hausa kuma muna da Alheri, Godiya, Murna, Salama.

Abu_Sumayya:
Ai wannan ayar ta Yohanna ce malamanmu da yawa ke cewa bushara ce da zuwan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ladi_Jos:
Na san da wannan fahimtar, Malam, mu kuma ba haka muke karanta ta ba.

Mai_Unguwa_Admin:
Jama'a, wannan muhawara ce mai zaman kanta, malaman ɓangarorin biyu sun daɗe a kanta. Ba za mu ƙare ta a nan ba, kuma ba ita aka tambaya ba. A koma kan sunan Anti mai kayan miya.

Abu_Sumayya:
Na karɓa, ranka ya daɗe. To bari in ba da gudummawa ta inda na fi sani. Abin da ya sa Dan_Sabongari ya zabura da jin Ta'aziyya shi ne mu Hausawa mun ƙuntata kalmar. A Larabci ta'aziyya sa mutum ya yi haƙuri ne, ka ba shi baki kan abin da ya same shi. Da ta zo bakinmu sai muka ɗaure ta a gidan makoki kawai. In gobara ce ko sata ko hatsari, jaje muke cewa. In yaro ne ke kuka, lallashi ko rarrashi. In mutum ya faɗi jarrabawa, a ba shi baki, a ƙarfafa masa gwiwa. In baƙunta ce ta dame shi, a ɗebe masa kewa. Duk waɗannan Bature zai iya cusa su cikin kalma ɗaya.

Masu tafsiri kuma suna da tasliya. Za ka ji malami ya ce wannan sura ta sauka ne don tasliya ga Annabi, kamar Suratud Duha, wato lallashi da sanyaya zuciya. Sunan mata Salwa daga wannan tushen yake. Don haka in ana neman takwarar Comfort a sunayen Musulmi, ni Salwa zan nuna.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Salwa ba tsuntsuwa ba ce? Wadda aka saukar wa Banu Isra'ila tare da mannu?

Abu_Sumayya:
Ita ce, Hajiya. Kalmar tana ɗauke da ma'anonin biyu.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum daga wannan gefen iyaka. Mu da muka yi lakwal da Faransanci abin ya zo muna da sauƙi, don Faransawa sun raba gardamar tun tuni. Suna da confort, suna da réconfort. In ka ga an rubuta tout confort a tallar otal ko gidan haya a Yamai, ana nufin akwai ruwa, wuta, na'urar sanyi, komi da komi. Amma wanda aka yi wa rasuwa réconfort yake buƙata. Ba mai haɗa su.

Abin da zai ba ku mamaki, confort na jin daɗin jiki daga Ingilishi Faransawa suka maido shi, a farkon ƙarni na 19. Kalmarsu ce ta tafi Ingila tana nufin taimako da ƙarfafawa, ta yi shekaru ɗaruruwa can, ta komo gida da sabuwar ma'ana. Kamar ɗan da ya tafi ci-rani Kurmi ya dawo da wani yare.

Malam_Nahawu:
Dan_Maradi ya kawo abin da na manta. Haka yake. Jamusawa ma sun ara, suna rubuta Komfort da babban K.

Nas_A_Ingila:
Ina ta karantawa ina jiran a tashi daga aiki in sa baki. Ni kalmar nan ta taɓa sa ni kuka, ba wasa ba.

A asibitocin nan in likita ya ce wa dangi za mu keep him comfortable, yawanci ba albishir ba ne. Nufinsa an kai inda magani ba zai warkar ba, abin da ya rage a hana shi jin zafi, a jiƙa masa leɓe, a juya shi, a bar shi ya cika cikin natsuwa. Wata rana aka kawo wani dattijo mai jin Hausa, ɗansa ne ke jinyarsa, bai daɗe da zuwa ƙasar ba. Likita ta zaunar da shi ta yi masa bayani a hankali, da irin lafazin nan nasu mai zagaye-zagaye. Yana ta gyaɗa kai yana godiya. Tana fita na ji ya ɗauki waya a baranda yana cewa, "Alhamdu lillahi Inna, sun ce Baba ya samu sauƙi, yanzu hutawa kawai zai yi." Ƙafafuna suka yi nauyi. Na koma na gaya wa likitar cewa bai fahimta ba, muka dawo tare, ita tana faɗa ni ina mayarwa da Hausa. Ban ce masa jin daɗi ba, ban ce sauƙi ba. Na ce, "Yaya, sai haƙuri. Jikin Baba ya yi nisa. Abin da za mu iya yanzu shi ne kada ya sha wahala." Ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce in taimaka masa da ruwan alwala.

Tun ranar ba na yarda a fassara kalmar nan kai-tsaye a gaban marar lafiya.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, ke kuma Allah ya saka miki da alheri, 'yata.

Bakatsine77:
Amin. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na fara janye maganar katifa.

Gwani_Na_Zariya:
Ku lura da abin da Bakatsine ya rubuta yanzu, zan dawo kansa.

Ni abin da na daɗe ina lura da shi, comfort ɗin Bature ɗumi ne, namu kuwa sanyi ne. Su mutanen ƙasar ƙanƙara ne, daɗinsu murhu, bargo, shayi mai zafi. In suka ce cold comfort, suna nufin lallashin da bai tsinana komai ba, irin a ce wa wanda aka sace wa babur ai na wane ma an sace. Tsohuwar magana ce, har a wasannin Shakespeare akwai ta. Mu kuwa da rana ta gasa, in abu ya yi mana daɗi sai mu ce na ji sanyi a raina, Allah ya sanyaya, ya zuba mini ruwan sanyi a zuciya. Larabawa ma haka. Addu'ar nan ta Suratul Furƙan aya ta 74, ƙurrata a'ayun, da Hausa sanyin idanu ake cewa, amma masu fassarar Alƙur'ani da Turanci da dama comfort suka sa a wurin. Ka ga inda sanyinmu ya zama comfort ɗinsu. Wanda ya fassara cold comfort da sanyin rai ya juya maganar a bai-bai.

Malam_Nahawu:
Gwani, magana ta yi kyau, amma ba ta zauna daram ba. Kai da kanka ka nuna abin da Bakatsine ya ce: jikina ya yi sanyi. Wannan ba daɗi ba ne. Gwiwarsa ta yi sanyi ma karaya ce. Sanyin jiki kuma kasala. Ashe sanyin namu ya danganta da inda ya sauka. In a zuciya ne ko ido, alheri. In a gwiwa ne ko jiki, akasin haka.

Gwani_Na_Zariya:
Shi ne na ce zan dawo kansa ai, ka riga ni. Kuma ka duba, maganin sanyin gwiwa shi ne ƙarfafa gwiwa, wanda shi ne confortare ɗinka sak. Da a ƙarni na 13 aka tambaye mu, da mun ce sunan Anti Ƙarfin Gwiwa.

Zongo_Boy_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Nan Gana sunan Comfort ya yi yawa ƙwarai, musamman wajen iyaye mata da kakanni. Amma in ba ku dariya: wani baƙo da ya zo daga Najeriya ya ga allon asibitin koyarwa na Komfo Anokye, sai ya ce mini ashe wata mata Comfort aka sa wa asibitin sunanta. Na ce ina! Okomfo da yaren Twi malamin addinin gargajiya ne, Anokye kuwa shi ne wanda ya tsaya wa Osei Tutu wajen kafa daular Asante. Kamar sauti kawai, babu dangantaka.

Direban_Jidda:
Tunda an shiga ban dariya. Na yi aiki da wani ɗan Filifin a Jidda, kullum sai ya ce zai je CR. Na ɗauka wani ofishi ne. Ashe comfort room, wato ban-ɗaki. Haka suke kiransa a ƙasarsu. Amurkawa ma suna da comfort station na bakin hanya da wuraren shaƙatawa. Kunya ce irin tamu, da muke cewa bayan gida, ko zan kewaya, ko zan kama ruwa.

Yar_Jami'a:
A Amurka kuma comforter bargo ne mai kauri da aka cusa wa auduga ko gashin tsuntsu, wanda 'yan Ingila ke kira duvet. Anti Ladi, ki yi tunanin yaron da ya tashi da wannan ma'anar ya buɗe fassarar 1611.

Amma akwai inda aka yi amfani da kalmar aka rufe mugun abu, ya kamata a ambata. Comfort women. Fassara ce ta kalmar Japananci ianfu, sunan da sojojin Japan suka ba matan da suka tsare suna lalata da su da ƙarfin tsiya a shekarun 1930 har zuwa 1945, da yawansu daga Koriya, wasu daga Sin, Filifin, Indonesiya da sauransu. An yi shekaru ana rufa-rufa, sai a watan Agusta 1991 wata dattijuwa 'yar Koriya ta Kudu, Kim Hak-sun, ta fito bainar jama'a ta faɗi abin da aka yi mata. A 1993 kakakin gwamnatin Japan, Yohei Kono, ya fitar da sanarwar amincewa da hannun soja a ciki tare da neman afuwa. In kuka lura, masu rubutu da yawa suna sa kalmar cikin alamar zance, don nuna ba su yarda da ita ba. Daɗin wa? Ba na matan ba dai.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Wannan gaskiya ne. Mai fassara labarai ya kiyaye, kada ya ce matan jin daɗi ya wuce. Sai ya faɗi abin da aka yi musu.

Bakatsine77:
Ni kuma wadda ta ishe ni ita ce comfort zone. Duk wanda ya sayi kwat ya riƙe makirufo sai ya ce mana mu fita daga comfort zone. Ina zaune a shago ba wuta, zufa har cikin ido, wane zone ne zan fita daga ciki?

Injiniya_Sanyi:
Ai kalmar tamu ce, masu aikin na'urar sanyaya ɗaki da ɗumama shi, aka ƙwace mana. Tun shekarun 1920 injiniyoyi ke amfani da ita, ana nufin tazarar zafi da laima da jikin mutum ba ya ƙorafi a cikinta, ba gumi ba rawar ɗari. Kusan digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyos, gwargwadon tufafi da iska. Daga baya masu nazarin halayya da masu horar da ma'aikata suka ɗauke ta suka mai da ita wurin da ka saba, ba ka son abin da zai motsa ka. Kai da ke Katsina a watan Afrilu, digiri 40 da ɗoriya, ka daɗe da fita, ka gaya musu.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni ba Turanci gare ni sosai ba, amma ina jin yarana in ana maganar mai neman aure suna cewa ai he is comfortable. Na tambaya aka ce wai ba attajiri ba ne, ba kuma ya rasa ba. Na ce to ku ce yana da rufin asiri mana, me ya kawo dogon Turanci? Kuma rufin asiri ya fi, don akwai mutunci a ciki. Mutum zai iya kwana kan tabarma asirinsa a rufe, wani kuma yana kan gado na alfarma ana bin sa bashi har ƙofar gida.

Game da masu zuwa gaisuwa kuma, akwai waɗanda gara ba su zo ba. Ranar uku ta maigidana wata ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna, ta ce, "Ai Hajiya tun da na ga ƙafar nan tasa ta kumbura na san ba tashi zai yi ba, haka ta yi wa mijin ƙanwata, da ma kun kai shi asibiti da wuri." Ta saki hannuna ta jawo kwanon ɗanwake.

Ladi_Jos:
Ayya Mama, sannu. Irin waɗannan Turawa na ce musu Job's comforter, daga abokan Ayuba su uku da suka zo yi masa jaje suka ɓige da cewa laifinsa ne ya jawo masa. A sura 16 ta Littafin Ayuba ya gaya musu cewa dukansu masu ta'aziyyar banza ne.

Yar_Jami'a:
Tambaya a gefe, Malam_Nahawu. Comfortable gaɓa nawa ce? Malaminmu na sakandare kom-fo-te-bul yake cewa, har da jan te ɗin.

Malam_Nahawu:
Masu harshen galibi uku suke yi, kamf-ta-bul, nauyin a gaɓar farko, o ɗin tsakiya ya ɓace. Wasu suna yin huɗu, ba laifi ba ne, amma ba a jan te kamar ana kiran tebur. Ita kanta comfort kam-fat ce, ba kom-fot ba. Sai dai in kin je layinsu Dan_Sabongari kina neman Anti Kamfat, ba wanda zai nuna miki gidan.

Dan_Sabongari:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Da safen nan na je sayen tumatir, na ce bari in tambayi mai sunan da kanta, abin da ya kamata in yi tun jiya. Tana ƙulla daddawa a leda ta ba ni labari ba tare da ta ɗago ba. Ta ce kafin a haife ta mahaifiyarta ta binne 'ya'ya biyu a shekara ɗaya, baƙon dauro ne ya ɗauke su. Sannan tana da cikinta wata 7 mahaifin ya rasu. Da aka haife ta kakarta ce ta zaɓi sunan. Ta ce har mamanta ta bar duniya, in ta yi mata wani abin kirki sai ta ce, "Ke ce kika share mini hawaye." Ta ƙara mini tumatir biyu gyara, ta ce in gai da 'yan zauren namu.

Na ba Baban Joy goronsa. Amma har yanzu bakina ya ƙi kiran ta Ta'aziyya.

Gwani_Na_Zariya:
Da a gidan Bahaushe na da aka haife ta, Ajuji za a ce mata saboda yayyen da suka rasu. Namiji kuma da uba ya rasu yana ciki Audi ne. Sai dai mu namu sunayen suna faɗin abin da ya faru ne, nasu kuma yana faɗin abin da ake fata yarinyar ta zama.

Abu_Sumayya:
Ina nan kan Salwa.

Dan_Maradi:
Réconfort ce, ba confort ba. Da kun yi lakwal da tuni an tashi.

Bakatsine77:
Ni fa ban sallama duka ba. A kan sunanta Baban Joy ya ci. Amma in aka rubuta comfort a jikin motar haya, wallahi ba wanda zai ce ta'aziyya ake nufi, sai dai in direban ne ba shi da birki. Goron a raba biyu.

Ummu_Hanan:
Dan_Sabongari, ita yarinyar da ta tayar da zancen, me ka ce mata a ƙarshe?

Dan_Sabongari:
Na ce mata Share Hawaye. Ta ce wannan ba suna ba ne, ita Anti Kwamfo za ta ci gaba da cewa. Ta karɓi naira 200 ta koma sayen attarugun da ta manta jiya.